Ruwan da Malam Parvan Ya Zuba

Shekara ashirin da shida ina sharar makarantar ƙauyenmu, kuma tun ajujuwa na cika maƙil nake gaya wa Malam Parvan, mai koyar da Turanci, cewa kwalin nan nasa ne zai kashe mu. Kwalin takalmi ne cike da ƙananan katuna, duk a kan kalma guda, wai "get". Kati ɗari biyu da ɗoriya! Ya ce wanda ya iya juya kalmar nan, da ita zai sayi burodi a Ingila, ya hau mota, ya kwanta ciwo, ya warke.

"To su warke a can, mu mu ruɓe a nan?" na ce masa.

"Gergina, ilimi nake ba su, ba tikiti ba."

Tikiti ne mana! Duk Asabar iyaye yake koya wa kyauta, don dai a ce ya iya. Wanda ya haddace katunan, kafin inabi ya nuna ya garƙame gida ya kwashi 'ya'yansa sai Ingila. Bana takarda ta zo daga ofishin ilimi na birnin Vidin: in yara suka gaza goma ranar buɗe makaranta, a rufe ta. Goma cif muke da su. Ta goman Bilyana ce, 'yar Zdravka, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da awaki a bayan coci. Zdravka kuwa ba ta fashin Asabar.

"Ka ce mata ɓera ya cinye katunan," na ce. "Ni zan rantse maka."

"Haba Gergina. Mutum ya tambaye ni, in ɓoye masa?"

Haushi ya hana ni yi masa magana sati biyu.

Ranar sha biyar ga Satumba, ranar buɗe makaranta, na gasa banitsa, gashin fulawa da cuku, na cika tulun jan ƙarfe da ruwa. Malam ne zai zuba shi a bakin ƙofa gaban yara, don shekara ta tafi sumul. Wani ma'aikaci daga Vidin na tsaye gefe da takardarsa.

Sai ga Zdravka da Bilyana, fure a hannu, akwatuna biyu a baya, ƙaramar bas na jiransu a titi.

"Malam, sun ɗauke ni aiki a Ingila!" in ji Zdravka. "Gidan kula da tsofaffi ne. Matar ta yi ta jero mini tambayoyi ta waya, kamar katunanka take karantawa. Ko ɗaya ban faɗi ba."

Na kama hannunta. "Don Allah 'yar nan, bari yarinyar ta shiga aji ko na awa guda, a rubuta sunanta."

"Goggo, jiya na karɓe takardunta."

Ta juya wajen Malam, idonta ya cika. "Ba ni da uwa, ba ni da uba da zai zuba mana ruwan tafiya. Kai ne ka buɗe mana hanyar, kai za ka zuba."

Na ƙanƙame tulun. Na ji tausayinta, amma a lokacin na tsane ta, na tsane shi. Ya ɓamɓare yatsuna daga tulun ɗaya bayan ɗaya. Ya juya wa ƙofar makaranta baya, ya zuba ruwan duka a kan titi gaban ƙafafunsu. Suka taka suka wuce.

Yara tara na tsaye da furanninsu, suna jira a zuba musu nasu. Ma'aikacin Vidin ya matso ya tambaye ni wa ke riƙe da mabuɗi.