Ludayi a Bakin Firiza

A Ikara, duk wanda zafi ya kora neman ƙanƙara ya san gidan Hajiya Uwaliya da ke bayan tasha. Firiza huɗu gare ta a ɗakin da ke jikin zaure. Tun da hantsi 'yan acaɓa ke layi, suna cusa ƙanƙara a buhu su nufi Furana da ƙauyukan bayanta. Mace ce mai baki, ba a gaya mata ɗaya ba ta mayar da biyu ba. Amma akwai suna guda da shekara talatin da huɗu bai taɓa fita daga bakinta ba, wato Zakiyyu, sunan ɗanta na fari.

Ba ƙi ba ne, kunya ce irin ta mutanen da. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a hira da shi, ba a nuna an damu da shi. Ana yaye shi kakarsa ta wajen uba ta goya shi a baya ta tafi da shi Furana. Can ya girma, ita yake kira Inna, uwar da ta haife shi kuwa Yaya yake ce mata, yadda ya ji ƙannenta na faɗa. In ya zama dole Uwaliya ta ambace shi, sai ta ce "wancan na Legas". In ya bugo waya gaisuwar Juma'a, ta amsa da lafiya lau guda biyu, ta miƙa wa duk wanda ke kusa, ta koma gefe tana tsintar shinkafa alhali kunnenta na kan wayar. Kewarsa take yi ba kaɗan ba, kuma ba ta da wanda za ta gaya wa.

Shi Zakiyyu aikinsa a Legas shi ne kafa wa masu ƙananan sana'o'i wutar sola, da bin diddigin yadda suke shan wutar. Da ya zo babbar sallah ya tarar janaretan uwarsa na ruri tun safe har yamma, yana lashe jarka biyar ta fetur a mako, hayaƙi ya mayar da bangon zaure baƙi ƙirin. Kafin ya koma ya shimfiɗa faifan sola a kan rufi, ya jera batura, ya kafa wani ɗan akwati mai allo a bango, ya ja masa waya zuwa kowace firiza. Ya bayyana wa mutanen gida, yana kallon ƙasa, cewa duk minti biyar akwatin nan zai aika wa kwamfutarsa yawan wutar da rana ta bayar, da abin da kowace firiza ta sha, da abin da ya rage a batir.

Uwaliya ta ce a ranta an kawo mata ɗan gulma har cikin ɗaki.

Kwana uku da tafiyarsa sai ga waya, kuma ba Juma'a ba. Ya ce kada ta miƙa wa kowa, maganar firiza ce. Wai ta biyu tana shan wuta fiye da 'yan uwanta, ko akwai zafi kusa da ita? Akwai mana, bayan bangon ne murhun gidan yake. Aka matsar da ita. Bayan kwana biyu ya sake kira, ya ce a daina loda ruwa da yamma, a loda da hantsi lokacin da rana ke da ƙarfi. Ya ce kada a tayar da janareta sai lambar allon mai nuna cajin batir ta sauka ƙasa da talatin. Ya gano robar murfin ta huɗu ta saki, daga Legas, shi da ko taɓa ta bai yi ba.

A nan Uwaliya ta gano abin da ba ta taɓa sani ba: maganar sana'a ba ta da kunya. Uwa ba za ta tambayi ɗan fari ko ya ci abinci ba, amma mai ƙanƙara tana iya tambayar mai gyara komai. Sai ta dinga jan zance, tana tambayar abin da ta riga ta sani, ya yi bayani ta ce ba ta gane ba ya sake. A cikin bayanin batir ta ji yana da mura. A cikin bayanin roba ta ji dariyarsa, sak ta marigayi mahaifinsa, Malam Jumare. Wata biyu aka yi haka, fetur ya dawo jarka ɗaya a mako, maƙwabta suka huta da ƙara da hayaƙi.

Ran nan ya ce mata, cikin murna, "Yaya, yanzu komai ya daidaita. Ba sai na riƙa damun ki ba."

Ta ce to madalla, Allah ya yi albarka. Ta ajiye wayar ta daɗe zaune a bakin gado.

Mako uku ba kira sai na Juma'a. Kullum ta shiga ɗakin firiza ta harari allon, shi kuwa lambobinsa lafiya lau, abin haushi. Sai wata ranar Litinin, Rahmatu maƙwabciyarta, wadda ke kawo zoɓo tana sanyayawa a firiza ta uku, ta manta ludayinta a bakin murfi, murfin bai rufu ba. Ba a yi awa guda ba waya ta yi ƙara. Zakiyyu ne, wai ta uku ta haukace da shan wuta, a duba. Uwaliya ta ga ludayin, ta zare shi a hankali, ta ce ita ba ta ga komai ba. Suka yi minti ashirin suna neman dalili.

Ludayin nan bai koma gidan Rahmatu ba.

Ba kullum take sa shi ba, tana da tsari kamar mai shan magani. Litinin da Alhamis, bayan la'asar, lokacin da 'yan acaɓa sun watse kuma yaran gida sun fita wasa, sai ta ɗaga murfin ta uku ta saƙala ludayi, ta ɗauko tabarma ta zauna da waya a cinya. Ya kira, ta zare, su yi ta lalube. Ya sa an sake roba, ya sa an wanke bayan firizar, har ya turo mai gyara daga Zariya, wanda ya duba ya rantse firiza lafiyarta ƙalau. Zakiyyu ya fara damuwa da gaske. Ya ce in abin ya ci gaba baturan za su gaji kafin watan azumi, lokacin da garin ya fi bukatar ƙanƙara. Uwaliya ta san gaskiya ya faɗa. Duk ranar Laraba sai ta yi niyyar dainawa, ranar Alhamis kuma ta tsinci ludayin a hannunta.

To, rana dubu ta ɓarawo. Wata Alhamis ta saƙala ludayi ta zauna, waya shiru. Awa ɗaya, awa biyu. Ta duba ko caji ne ya ƙare, ta fita tsakar gida ko sabis ne ya ɗauke. Aka kira magariba. Ta ƙi zare ludayin, don a ganinta in ta zare to ba shi da sauran dalilin kira. Haka ya kwana a wurin.

Da safe Rahmatu ta shigo ɗaukar zoɓonta ta tarar da ruwa ya malale ɗaki, ƙullin zoɓo duk sun saki, allon bango na nuna goma sha ɗaya. Ta buɗe baki za ta yi salati sai ta hango abin da ke bakin murfi.

"Yaya Uwa, wannan ba ludayina ba ne da na yi wata biyu ina nema?"

Rahmatu ta kalli ludayin, ta kalli wayar da ke damƙe a hannun Uwaliya, ta kalli idanunta da suka kumbura. Ita ma tana da ɗan fari a Kaduna. Ta ɗauki tsintsiya ta fara koro ruwa waje.

Sai bayan la'asar ya kira. Ya gaishe ta a tsanake, ya tambayi gida da mutanen gida. Sannan ya ce jiya ya zauna ya jera lambobin wata biyu wuri guda. Firiza ta uku ba ta taɓa yin laifi ranar Talata ko Asabar ba, ba ta taɓa yi da safe ba. Litinin da Alhamis kawai, bayan la'asar, kuma da zarar ya kira sai ta warke. Ya ce tun jiya ya gani, ya ɗauki waya ya fi sau biyar ya kasa bugowa.

Uwaliya ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ita kaɗai a ɗaki. Jira take ya tambaye ta dalili, kuma ta san in ya tambaya ba ta da amsar da za ta iya furtawa.

Ya yi gyaran murya irin na ubansa.

"Yaya, ina ganin akwatin nan ba abin a sakar masa ba ne. Gara kullum bayan la'asar in kira, ki karanta mini lambar da ke allon da bakinki. In ba zan takura miki ba."

Ta sani sarai lambar na gabansa a kwamfuta, duk minti biyar tana isa Legas. Shi ma ya san ta sani.

"To," ta ce, "in dai don aikin ne."

"Don aikin ne. Nawa take nunawa yanzu?"

Ta miƙe ta matsa kusa da allon. Lamba biyu ce kacal, shida da huɗu, ga su nan ɓaro-ɓaro. Ta goge ido da gefen mayafi, ta ce ya dakata, kada ya kashe, idonta ba ya gani sosai yanzu, sai ta nemo tabarau.

Ya ce ta nema a hankali, ba sauri yake ba.