Amaryar Mu'az Sojan Ruwa Ce

An riga an kai gaisuwa gidan Malam Zarami a unguwar Yerimaram ta Potiskum kafin sunan 'yarsa Murjanatu ya fito cikin waɗanda aka ɗauka aikin sojan ruwa. Mu'az, wanda zai aure ta, ya san ta nema, don shi ma ya raka ta Damaturu ranar tantancewa. Abin da bai yi zato ba shi ne yadda maganar za ta cika kasuwar shanu.

Mu'az dillalin shanu ne, jikan Fulanin da suka ajiye sanda suka zauna a Potiskum. Mahaifinsa ya rasu, ƙanen mahaifin, Baffa Joda, shi ne babba a gidan.

Murjanatu ta tafi Onne, can jihar Ribas, inda ake horar da sababbin ɗauka. Ba kullum ake barinsu da waya ba. In ta samu ta kira, muryarta a dishe, sai ta ba shi labarin gudun asuba da ruwan saman da ba ya ɗaukewa. Wata rana ta ce ƙafafunta duk sun kumbura, ji take kamar ta tattaro kayanta ta dawo.

"Kina so ki dawo ne, ko gajiya ce ke magana?" Mu'az ya tambaye ta.

Ta ce, "Gajiya ce."

"To ki gasa ƙafar da ruwan zafi. Gida yana nan, ba inda zai je."

A kasuwa kuwa ya zama abin tsokana. Wani abokin dillancinsa, Bilyamin, ba ya ganinsa ya ƙyale. "Ango, yaushe za a fara koya maka sara wa madam?"

"Ranar da aka fara zan kira ka," in ji Mu'az, "ko ka koyi tsayuwa a miƙe." Ya ci gaba da duba haƙoran bijimin da ke gabansa.

Sai ga hotonta ya fara yawo a wayoyin dangi, ta sa wando da hular aiki, tana tsaye cikin layi. Baffa Joda ya aika a kira Mu'az bayan la'asar. Ya same shi a zaure kan buzu.

"Ka ga abin da na gani?"

"Na gani, Baffa."

"Mace cikin maza, a bakin teku, ba uwa ba uba. Gobe a ce Legas, jibi Kalaba. Wa zai riƙe maka gida? Ka bari in je wurin Malam Zarami cikin mutunci, a raba maganar."

Mu'az bai ɗaga ido ba, amma muryarsa ba ta yi rawa ba. "Baffa, mahaifinta ne ya sa mata albarka ta tafi. Ni ma na ce ta tafi. Ba zan jira tana cikin wahala sannan in juya mata baya ba."

"To ka nemi wanda zai karɓar maka aure. Ba ni ba."

"Allah ya huci zuciyarka, Baffa. Amma auren yana nan."

Washegari ya kira magini aka ci gaba da filastar ɗakin da yake gyarawa. Ya sayo akwatunan lefe ya ajiye a ɗakin mahaifiyarsa, Dada. Mu'az ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta kira, balle ta yi zancen aurensa da shi.

Da ranar yaye su Murjanatu ta matso, hawan jinin Malam Zarami ya tashi, likita ya hana shi doguwar tafiya, mahaifiyarta kuma ta zauna jinyarsa. Mu'az ya shirya zuwa shi kaɗai. Da safe ya fito da jakarsa, sai ya tarar da Dada a tsakar gida, ta yafa mayafin unguwa, ga kwanon man shanu da ƙunshin kilishi a gefenta.

"Kai, ɗauki wannan," ta ce. "Yarinyar mutane ba za ta fito fili ta rasa uwa ba. Kuma na gaji da jin labari a bakin waɗanda ba su gani ba."

Dada ba ta taɓa wuce Bauchi ba. Suka bi ta Jos da Makurɗi har Fatakwal, ƙafafunta suka yi tsami a mota, ba ta koka ba ko sau ɗaya.

A filin fareti sababbin sojojin suka fito cikin fararen kaya, ƙafa ɗaya hannu ɗaya, ganga na tashi. Mu'az ya yi ta raba ido bai gane ta ba. Dada ce ta taɓa hannunsa. "Ga ta can, kusa da doguwar nan. Tafiyarta ba ta canza ba."

Bayan an tashi Murjanatu ta iso. Ta rame, ta yi duhu. Da ta ga Dada sai ta durƙusa har ƙasa da farin wandonta. Dada ta ɗago ta, ta daɗe riƙe da hannunta tana shafa kantar da ta fito a tafin.

Da suka koma gefe, Murjanatu ta dubi Mu'az. "Na ji abin da Baffa ya ce. Legas aka tura ni, kuma ba zan ajiye aikin ba. Auren ma sai na nemi izini a wurin aiki, ban san yaushe zai fito ba. In abin ya yi maka nauyi, ka faɗa mini yau."

"Da zan fasa, ai da waya ta isa," in ji Mu'az. "Shanunmu kullum Legas ake loda su. Maimakon in sayar a nan, sai in riƙa bin mota."

Izinin bai fito da wuri ba. Damina ta wuce, aka yi kaka, Bilyamin ya sake samun abin faɗa. Mu'az ya fara bin tirelar shanu zuwa kudu, ya dawo da ciwon baya da guntun Yarbanci. Dada ta hau mota zuwa Nangere wurin yayanta, Kawu Umara, ya ce shi zai tsaya wa ango.

An ɗaura auren wata Asabar a ƙofar gidan Malam Zarami, cikin hutun da aka ba Murjanatu. Baffa Joda bai zo ba. Matarsa da 'ya'yansa mata kuwa tun sassafe suna wurin girki, ba wanda ya tambaye su ko da saninsa suka fito. Mu'az ya je gaishe shi washegari. Baffa ya amsa a taƙaice, ya ci gaba da jan carbi, Mu'az ya yi masa sallama ya tashi.

Da hutun ya ƙare, ango da amarya suka hau mota ɗaya zuwa Legas, ita za ta koma bakin aiki, shi kuma zai tari shanun da suka riga su yin gaba.