Kujerar Gaba ta Mama Magajiya

Likitan ƙashi na Legas bai yi wa Rahila kwana-kwana ba. Ya ce ƙafar mahaifiyarta da aka sa wa ƙarfe daf da gwiwa ba ta son lanƙwasa ko kaɗan, mota kuwa a manta da ita. In za a mayar da tsohuwa Kaduna, sai a jirgin sama, a kujerar gaba, inda akwai filin miƙe ƙafa. Rahila malamar firamare ce a Unguwar Dosa, a shekarun da albashi ke ƙarewa kafin a kai shi gida. Ta sayar da keken ɗinkinta, matan Zumunta na coci suka yi karo-karo, da ƙyar aka haɗa kuɗin kujera ɗaya tak. Ita kuwa ta biyo motar haya tun ana gobe tafiyar, ta riga jirgin isowa Kaduna, ta tsaya a filin jirgi tana jira.

Daga ƙofar baya aka sauko da Mama Magajiya, maza biyu sun ciccibo ta, fuskarta sharkaf da gumi. Rahila ta tambaye ta me ya faru, ta ce ba komai. Sai a hankali, da jan magana kamar ana cire ƙaya, labarin ya fito. Wani babba ne daga wata ma'aikata ya iso a makare, kujerun gaba sun cika. Wata ma'aikaciyar jirgi ta zo ta durƙusa, ta ce don Allah Mama a taimaka. Mama ta taimaka. Aka cusa ta can baya, aka naɗe ƙafar da likita ya ce kada a naɗe.

Ƙarfen ya goce. Likitan Kaduna ya ɗaga hoton ƙashin ya duba, ya ce wannan aikin wanda ya sa ƙarfen ne, a koma wurinsa kafin ƙashi ya haɗe a karkace, in ba haka ba tafiya ta ƙare wa Mama. Keken ɗinki kuwa ba a sayar da shi sau biyu.

Haka Rahila ta fara sintiri a ofishin kamfanin jirgin da ke cikin gari. Ta ga rashin mutunci iri-iri. Wata mai jan baki ta ce mata ai an kawo tsohuwar har Kaduna, ko a Kafanchan aka sauke ta? Wani ya ce ta je Legas, wani ya ce manaja ya fita, alhali tana jin dariyarsa ta bango. Ta roƙi wanda ya isa da wanda bai isa ba, har masinja ta kira ranka ya daɗe. Kullum in ta koma gida sai ta tarar gwiwar ta ƙara kumbura, Mama na zaune a tabarma tana ɓare gyaɗa tana cewa da sauƙi.

A ƙarshe Allah ya haɗa ta da Malam Yusha'u, mataimakin manaja, dattijo mai furfura da bai iya wulaƙanci ba, abin mamaki a gidan nan. Ya saurare ta har ta gama kuka.

"Malama, ƙa'idarmu a fili take," in ji shi. "In an tilasta wa fasinja barin kujerarsa, kamfani zai ba shi wata tafiyar, zuwa da dawowa, a gaba. In kuwa da kansa ya tashi, babu komai. Ma'aikaciyar ta ce Mama da yardarta ta tashi. Ki kawo mini Mama, in ji daga bakinta."

Rahila ta san halin uwarta. Mama matar masinja ce. Marigayi babansu ya ƙare rayuwarsa yana tsaye a ƙofar manya da fayil a hammata, ita kuma ba a taɓa jin ta kai ƙarar kowa ba, ko akuyar maƙwabta da ke cinye mata alayyafo. Don haka Rahila ta zaunar da ita tana koya mata kamar 'yar aji ɗaya.

"Mama, ki ce, an tilasta mini. Shi ke nan. Faɗi mu ji."

"An tilasta mini," in ji Mama, tana kallon ƙasa.

Ofishin a bene yake, ba na'urar hawa. Direban tasin da ya kawo su ya taya Rahila suka hau da Mama. Malam Yusha'u ya miƙe tsaye, ya jawo kujera, ya sa wata a miƙe ƙafar a kai, ya aika a kawo lemo mai sanyi. Rahila na ganin lemon nan ta san magana ta lalace. Ta gwammace a ce ya daka musu tsawa, don Mama ba ta iya kai kuka gidan da aka karrama ta ba.

"Mama, sannu da jiki. An tilasta miki barin kujerarki?"

Mama ta juya kwalbar a hannunta. "Ɗana, yarinyar da ta roƙe ni, in na ce haka, me za a yi mata?"

Rahila ta zuba wa Malam Yusha'u ido, tana roƙonsa a zuci ya yi ƙarya ko sau ɗaya a rayuwarsa. Bai yi ba.

"Za a tuhume ta, Mama. Mai yiwuwa a sallame ta."

"Shi babban fa?"

Malam Yusha'u ya gyara hularsa.

"To, ni na tashi da kaina," in ji Mama. "Yarinyar har ƙasa ta durƙusa, jikinta na rawa. Mutumin yana tsaye a kanmu da babbar riga, ni wace ce da zan miƙe ƙafa yana tsaye? Na yafe."

Rahila ta zube a gaban uwarta, ta riƙe mata ƙafar mai lafiya. "Mama, don girman Ubangiji! Ba ni da sauran abin sayarwa. Ba za ki sake tafiya ba, kin ji ko? Ko coci ba za ki taka ba. Ki faɗa masa yadda ta yi miki zafi!"

"Tashi, Rahila, ana kallonmu."

Malam Yusha'u ya sake gwadawa, har da ba ta hanya. "Mama, da kin san ƙafar za ta lalace, ai da ba ki tashi ba ko?"

"Da na tashi mana, ɗana. Ai roƙona aka yi."

Ya daɗe riƙe da biro. Sannan ya mayar da shi aljihu, ya ce Allah ya ba da lafiya.

Direban tasi ya gaji da jira ya tafi. Rahila ta durƙusa a bakin bene ta juya baya, ta goya uwarta, hannu ɗaya tallafe da ƙafar don kada ta bugi bango. Haushi ya cika ta, tana sauka a hankali hawaye na shiga bakinta. Sun wuce kwanar benen, inda ba kowa, ba mai ji balle mai rubutawa, sai ta ji Mama ta kwantar da kai a wuyanta.

"Rahila," ta ce a hankali, "ƙafar nan tana yi mini zafi ƙwarai."