Tiyon da Aka Ɗaure da Waya

Wata tara bayan rasuwar matarsa, tsohon direba ya buɗe kabad ɗinta ya tarar fumfuna ta kama zannuwan da ke can ƙasa. Garin mai laima ne, ko tawul aka shanya sai ya kwana biyu bai bushe ba. Shi ya sa kullum yake kunna esin ɗakinta, wato na’urar sanyaya ɗaki, don kada kayan su yi danshi, ya ja ƙofa, ya koma falo ya zauna gaban fanka. Ba mai kwana a ɗakin.

Yanzu ga esin yana zubar da ruwa ta ciki. Bango ya yi baƙi, fenti ya kumbura.

’Yarsa, wadda ke aure a wani gari mai nisa, ta ce masa a waya, “Baba, esin nan ya girmi ɗana na fari. A cire shi a sa sabo.”

“Lafiyarsa ƙalau,” in ji shi. Amma ya kira mai gyara.

Mai gyara ya iso da hantsi, tsani a kafaɗa, gumi ya jiƙa masa riga. Ya buɗe murfi, ya leƙa, ya fita ya auna gas, ya dawo.

“Gas cike yake. Injin waje ma ya fi ni lafiya. Baba, ina tiyon da ke fitar da ruwa?”

Suka zagaya baranda. Tiyon na nan, an naɗe bakinsa biyu, an ɗaure shi da waya tamau, ɗaurin wanda ya shekara talatin yana ɗaure kaya a saman mota.

“Wa ya yi wannan aika-aikar?”

“Ni ne.”

Da can matarsa bokiti take ajiyewa a ƙarƙashin tiyon, da yamma ta shayar da tukwanen furanninta da ruwan. Bayan rasuwarta, furanni suka bushe, bokiti ya riƙa cika yana ambaliya. Gidan kuma ya yi shiru, har daga falo yana jin ɗis, ɗis, wuni guda. Ran nan ya ɗauko filaya. Bai faɗa wa mai gyara duk wannan ba. Cewa ya yi, “Yana jiƙa mini baranda.”

“Haba, Baba! Ai aikin esi ke nan, ya tsotse ruwan da ke cikin iska ya zubar waje. Ka ɗura wa mutum shayi kofi biyar, sannan ka kulle bayi?” Ya yi dariya, ya ga tsohon bai taya shi ba, ya gyara murya. “Yaushe ka ɗaure shi?”

“Wata huɗu.”

Mai gyara ya kwance wayar, baƙin ruwa ya tsiyayo, ya busa tiyon ya wanke. Aikin bai kai rabin awa ba. Sannan suka kama kabad su biyu suka janye shi daga bango. Katakon baya ya ruɓe, yatsa na shiga. Ta nan ruwan yake bi.

“Esi dai ya warke,” in ji mai gyara, yana naɗe tsaninsa. “Kayan kuma a fitar da su yau. Tufa in ba a sa ta, ko sabon esi ba zai riƙe ta ba.”

Da ya tafi, tsohon ya baje zannuwan a kan gado ɗaya bayan ɗaya. Ashirin da ɗaya ne. Shida sun lalace, har da wani shuɗi da ya saya mata da kansa. Yana ɗaga shi ya yage a hannunsa. Sauran ya kai su igiya.

Ya kira ’yarsa.

“An sa sabon?” ta tambaya.

“Ba esin ba ne. Ki zo ki kwashi kayan mamanki. Sha biyar suka rage.”

“Ba kai ka ce kada wanda ya taɓa su ba?”

“Na ce. Yanzu ki zo ki ɗinka, ki sa.”

“Sai ƙarshen wata, Baba. Yara na jarrabawa.”

“To,” ya ce. Ya jawo kujera bakin baranda ya zauna yana duban sama, don hadari ya fara haɗuwa, kuma shi kaɗai zai kwashe shanyar.