Ƙotar Roba

Baba ya yi shekaru yana zagin roba. Bokitin roba, kujerar roba, takalmin roba, babu wanda yake gani da mutunci. Shi ya sa da mai gyaran wuƙaƙe ya jera mana wuƙaƙen gwaji a kan teburinsa, na hango ta ƙarshe mai baƙar ƙotar roba, sai na kawar da kai don kada dariya ta kuɓuce mini.

Aikin Baba auren bishiya ne, a wani lambu da ake rainon dashe. Ya yanko toho daga itace mai daɗin 'ya'ya, ya tsaga jikin ƙaramin dashe, ya cusa, ya ɗaure. Tun ban san kaina ba yake yin aikin da wuƙa ɗaya, 'yar wuƙar aljihu mai naɗewa, bakinta a lanƙwashe kamar ƙaramin lauje. Sai ciwon gaɓoɓi ya kama masa yatsu, suka kumbura suka karkace. Ƙotar wuƙar ta itace ce, siririya, ta sha hannu har ta yi santsi. Rannan ta suɓuce ta yanke shi a tafin hannu, ta lalata dashen da yake riƙe da shi. Mai lambun ya ce ya je ya huta, in lokacin aikin ya zagayo ya dawo ya gwada yanka a gabansa. In ya fita sumul, aikinsa na nan. In bai fita ba, zai sa wani. Inna kuwa ta ƙwace wuƙar ta kulle a akwatinta, ba ta fito da ita ba sai yau da safe, ni kuma ta danƙa wa.

To, lokaci ya zagayo, farkon mako ake jiransa. Baba ya kafe kai da fata cewa hannunsa lafiya ƙalau, ƙota ce ta ci amanarsa. Ni ma na so hakan ya zama gaskiya, don na gaji da ganinsa zaune a bakin ƙofa yana yi wa duk mai wucewa faɗa a kan yadda ake riƙe tsintsiya.

Shagon matsattse ne, warin mai da ƙonannen ƙarfe ya cika shi. Mai shagon ya kashe injin washi, ya karɓi wuƙar Baba daga hannuna, ya buɗe ta, ya ɗaga ta saitin hasken ƙofa.

"Baba, wannan ƙarfe ba a yin irinsa yanzu," in ji shi.

"Na sani, ɗana. Ba ƙarfe na kawo ƙara ba. Nuna mini abin da kake da shi."

Wuƙaƙen gwajin duk a buɗe suke, don mutum ya riƙa ya ji wacce ta zauna masa. Baba ya zaro reshen lemo daga aljihu, ashe tun daga gida ya karyo shi ban gani ba. Ya miƙa hannu kai tsaye ga mai ƙotar ƙaho, wadda take ta sheƙi, mai ratsin fari da ruwan toka.

"Ga ƙota," ya ce. "Uwata, kin gani?"

Haka yake kirana in yana cikin nishaɗi. Na ce na gani, ta yi kyau. Ya ɗora bakin a kan reshen ya ja, ƙotar ta juye a cikin yatsunsa, reshen ya kwarzane kawai.

"An cika mata goge-goge," ya ce, ya ajiye.

Ta ƙashi ma haka ta yi masa. Ta itacen kuwa ya daɗe yana shafa ta, yana tambayar mai shagon wane irin itace ne, ya bushe ko ɗanye aka sassaƙa, ko ya san itace yana da gaba da baya. Mutumin yana ta amsawa da haƙuri. Ni dai na san Baba, in ya fara wa'azi tsoro yake ji. Da ya gwada, yankan ya shiga, amma ya tafi a karkace, yatsunsa sun kasa haɗewa a kan ƙota siririya. Ya dubi reshen, ya yanke shawarar cewa reshen ne ya yi yaushi.

Raina ya ɓaci, ba da shi ba, da hannun nan da ya taɓa ɗaga ni sama da yatsa biyu a hammata. Amma a kansa na huce.

"Haba Baba! Saura ɗaya, ka gwada mana mu tafi."

"Wannan? Ni zan shiga lambu da mariƙin keke?"

"To mu koma gida ka ci gaba da gadin tsintsiya."

Maganar ta fita kafin in kama ta. Mai shagon ya sunkuyar da kai yana gyara abin da ba ya bukatar gyara. Baba ya juya ga teburin. Ya ɗauki ta robar da gefen yatsu kamar mai ɗaukar mataccen ɓera. Kauri gare ta, jikinta da ƙurji-ƙurji, ta cika masa tafi ba sai ya dunƙule yatsu ba. Ya ɗora, ya ja. Toho ya fita fes, sala guda, farin cikin itacen yana ƙyalli. Ya sake ja, ya sake, har reshen ya kusa ƙarewa, teburin ya cika da ƙamshin lemo.

"Ba laifi," ya ce. "Muni ne da ita, amma ba laifi. Ɗana, sa mini irinta."

Muka zauna a benci muna jira. Mai shagon ya fitar da ƙusoshin tsohuwar ƙotar, ya yanka roba, ya huda, ya goga. Baba kuwa baki har kunne. Ya lissafa mini dashen da ya bari, da layin lemon da yake tsoron an shayar fiye da kima, da tsanin da ƙafarsa ɗaya ke rawa wanda ba wanda zai gyara in ba shi ba. Rabon da in ji ya yi magana haka tun kafin ciwon. Na ba shi haƙuri a kan maganar tsintsiya, ya ce wace tsintsiya.

Da aka gama, mai shagon ya goge wuƙar da tsumma, ya naɗe ta ƙas, ya miƙa masa da hannu biyu.

Baba ya riƙe ta a hagu. Ya kai babban yatsan dama ga 'yar tsagar da ake saƙala farce a jawo bakin. Yatsan ya ƙi lanƙwasawa. Ya mayar da ita dama ya gwada da hagu, farcen ya shiga, amma babu ƙarfin ja. Ya danna ta a gwiwa. Ya kai ta wajen baki, sai ya tuna da mu, ya sauke. Duk cikinmu ba wanda ya yi tunanin wannan, wata da watanni tana kulle a akwati, ciwon kuma bai zauna jiranta ba.

"Sabon ɗauri ne, Baba, kawo in sassauta mata ƙusa," in ji mai shagon.

"Ka sassauta ta rufe mini a kan yatsu ina tsakiyar yanka?"

"To in kafe ta a buɗe, in ɗinka mata kube."

"Ka taɓa hawa tsani da toho a baki, zare a hannu? In na yanka sai in naɗe ta da gefen cinya in jefa aljihu in ɗaure, kafin iska ta busar da wurin. Da wane hannun zan lalubi bakin kube?"

Na ce zan riƙa buɗe masa da safe kafin in wuce aiki. Wauta ce, na san wauta ce tun tana bakina. Ya dube ni ba fushi, da ma fushin ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Uwata, kowane dashe sai an buɗe an rufe. Wa zai bi ni layi-layi yana buɗe mini wuƙa?"

Ya sake gwadawa sau ɗaya, a hankali, har jijiyar wuyansa ta tashi. Sannan ya miƙa wa mai shagon ita, ya ce aiki ya yi kyau, Allah ya yi albarka, a naɗe masa a takarda. Na biya kuɗin, muka fito.

A waje rana ta take, motoci suna ta wucewa. Muka tsaya a bakin titi, ƙunshin yana hannunsa, bai sa a aljihu ba. Hanya ta buɗe, bai motsa ba.

"Gobe ki kira mai lambun," ya ce. "Ki ce na gode, ya sa wani."

"To, Baba."

"Amma kada ki faɗa wa innarki yau. Tun jiya ta wanke mini kayan aikin, na baro ta tana guga."