Gahawar Alhaji Mumtaz

A Mishraƙ, mahaƙarmu da ke kusa da birnin Mausil, farar wuta ba a haƙo ta da diga. Tafasasshen ruwa muke durawa ƙarƙashin ƙasa, ta narke ta taso ruwan ɗorawa, ta daskare tsibi-tsibi. Ladan aikin kuwa warin baragurbi ne da ke bin mutum har cikin gemu. Mu mun daɗe da daina jinsa, sai mutanen Mausil masu tsirfa.

To ɗan baffana Zannun, don neman magana, duk 'yan matan Mausil bai ga wadda ta yi masa ba sai Sabriyya, 'yar Alhaji Mumtaz mai sayar da turare. Yaron har ya rame, na tausaya masa ƙwarai.

Ranar neman aure Baffa Halaf, babbanmu, ya ce sai an yi wanka na musamman. Muka ɗunguma maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Hammamul Alil, inda kakanninmu ke wanka, ba wanda ya tuna ita ma ta cikin farar wutar take fitowa. Baffa ya shinshina Zannun sama da ƙasa.

"Fes! Kamar jaririn jiya."

Muka cika ɗakin baƙin Alhaji, aka rufe ƙofa saboda sanyi. Aka kawo gahawa, Baffa ya ajiye tasa a ƙasa, mu ma muka ajiye. A al'adarmu, mai neman aure ba ya sha, ba ya tashi, sai an amsa masa.

Alhaji ya kunna turaren wuta. Ya ƙara wani. Ya buɗe taga, ya dawo yana share ido.

"Ka ga, Alhaji kuka yake don murna," Baffa ya raɗa mini.

"Malam Halaf, ku sha mana," in ji Alhaji, hannun riga a hanci. "Ku ba ni wata guda in yi shawara."

"Ai ba ma sauri, Alhaji. Nan za mu jira."

 Zannun kaɗai a cikinmu ya gane cewa a'a ce ke tahowa.

Alhaji ya miƙe ya nufi labulen cikin gida, ya ɗaga murya don mu ji.

"Ke Sabriyya! A shagon turaren wardi kika girma. Kina jin abin da nake ji?"

"Ina ji, Baba."

"To wannan za ki shaƙa har ki tsufa. Ko ba ki san haka yake ba?"



"Na sani, Baba. Ai da shi nake gane ya shigo layinmu, tun kafin ya kai ƙofar shago. Ranar da ban ji ba, abinci ba ya shiga."

Zannun ya sunkuyar da kai, kunnuwansa jajur. Alhaji ya daɗe tsaye yana kallon labulen, sannan ya juyo.

"Na ba ku. Amma don girman Allah, ku ɗauki kofunanku ku sha a waje."