Shuɗi a Dama, Baƙi a Hagu

Shekara arba'in Dogo yana zaune a kan masaƙa ɗaya, ta kusa da taga, har katakon ya lotsa daidai zamansa. Shekara guda ke nan kuma da idonsa ya daina raba shuɗi mai duhu da baƙi. Matarsa kaɗai ta sani. Ita ke naɗa masa zare a kwarkwaro a gida, ta zuba shuɗi a aljihun dama na jakarsa, baƙi a na hagu. Shi dai ya zura hannu, ya ɗora a ƙoshiyar saƙa, ya jefa.

Ran Litinin zazzaɓi ya kwantar da ita. 'Yarsu ce ta yi naɗin, ta zuba yadda ta ga dama, don ba wanda ya gaya mata.

Aikin da ke kan masaƙar mayafi ne mai ratsi, yatsa biyu shuɗi, yatsa huɗu baƙi. Maigida, mai shagon saƙar, ya ce ƙarfe huɗu zai zo ɗauka. Ya kuma faɗa a gaban kowa tun watan jiya cewa duk tsohon da aka sake dawo da aikinsa, ya tashi ya ba mai jini a jika wuri.

Wajen sha biyu Sarkin Surutu, maƙwabcinsa na masaƙa, ya miƙe zai sha ruwa, ya leƙo, ya tsaya.

"Dogo, sabon yayi ka fito mana da shi ne?"

"Yayin me kuma, uban 'yan sa ido?"

Sai Sarkin Surutu ya rage murya. "Ratsinka ya rikice, ɗan'uwa. Kamu uku cur."

Dogo ya sunkuya. Ya kai fuska har hancinsa na taɓa saƙar, bai ga komai ba sai duhu iri ɗaya.

"Ka rufa mini asiri," ya ce.

"Warware kawai. Ni zan ware maka shuɗin da baƙin."

Warware saƙa ta fi saƙa cin rai. Sai ka taka matakin masaƙa, ka buɗe bakin zare, ka mai da ƙoshiya baya, layi ɗaya bayan ɗaya, kana lallaba zaren tsaye kada ya yi gashi ya tsinke. Biyu sun tsinke duk da haka. Dogo ya ƙulla su, yana lasar bakin zaren, gumi na ɗiga a kan aikin. Sarkin Surutu kuwa ya zazzage jakar a cinyarsa, yana yi wa kowane kwarkwaron shuɗi tsaga da wuƙa yadda yatsa zai ji.

Ƙarfe huɗu ta cika, mayafin bai kai inda yake da safe ba.

Maigida ya shigo, ya dubi saƙar, ya dubi tulin zaren da ya lanƙwashe a ƙasa. Ya ɗauki kwarkwaro ɗaya, ya shafa tsagar da babban yatsa. Sai ya wuce ɗakin ajiya ya dawo da guda biyu sababbi, ya ɗora a tafin Dogo.

"Baba, wanne ne shuɗi?"

Dogo ya juya su ta wajen taga, ya juya su kuma. Daga nan ya kai ɗaya hanci, ya kai ɗayan. Shuɗin yana da ɗan warin rini da ya sani tun yana yaro.

"Wannan."

"Shi ne," in ji Maigida. "Amma ratsi, Baba, ba a shinshina shi."

"Ranka ya daɗe, hannuna lafiya lau yake. Dubi bakin saƙar nan, kamar an ja da zare. In na zauna a gida, me zan ce wa matar nan in ta tashi?"

Maigida ya kawar da kai. "Gama wannan. Ba zan ƙayyade maka rana ba. In mayafin ya sauka, masaƙar ta tashi daga hannunka."

Bayan ya fita, Dogo ya laluba ya sami mai tsaga, ya ɗora a ƙoshiya. Mutumin da a da ba a iya bin ƙoshiyarsa da ido, yau ya tura ta a hankali, ya jira ta fito, ya buga, ya shafa layin da yatsa.

"Haka za ka yi ta ja har baɗi?" in ji Sarkin Surutu.

"Ina ruwanka," Dogo ya ce, ya sake turawa.